Aikin Masanin Tattalin Arzikin Makamashi a Fagen Makamashi Mai Tsafta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban tattalin arziki, da injiniyoyin da ke tunanin sauya layi, da iyayen da ke son sanin inda karatun 'ya'yansu zai kai su suke yawan maimaitawa. An ɗauki yawancin misalan daga Najeriya, domin a nan ne matsalar wuta da ta man fetur suka haɗu wuri ɗaya har suka mai da wannan fanni abin nema.

1. Wane ne masanin tattalin arzikin makamashi, kuma me ya bambanta shi da injiniyan lantarki?

Injiniya yana amsa tambayar ko abu zai yi aiki: farantan sola nawa za a shimfiɗa, wane irin batir zai ɗauki nauyin asibiti da dare, wace waya ce za ta jure. Masanin tattalin arzikin makamashi kuwa tambayoyinsa na kuɗi ne da na rabo: nawa abin zai ci daga ranar da aka gina shi zuwa ranar da ya mutu, wa zai biya, wa zai amfana, kuma me aka fasa yi da wannan kuɗin saboda an zaɓi wannan aikin. Idan gwamnatin jiha tana da kuɗin da zai isa abu ɗaya kawai, ko dai ta ja layin wuta mai nisa zuwa wasu ƙauyuka ko ta gina musu ƙaramar tashar sola tasu, shi ne ake sa ran zai ɗora zaɓin biyu a sikeli ya faɗi wanda ya fi sauƙi, da kuma sharuɗɗan da idan suka canza amsar ma za ta canza.

Idan aikinsa na tsara manufofi ne, mai karɓar shawararsa ba ɗan kasuwa ɗaya ba ne, hukuma ce da hukuncinta zai hau kan miliyoyin mutanen da ba su halarci zaman ba.

2. Me ake nufi da makamashi mai tsafta? Iskar gas tana ciki?

A ma'anarsa ta asali, makamashi mai tsafta shi ne wanda ba ya fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya yayin da ake amfani da shi, kamar hasken rana da iska da ƙarfin ruwa. Ta wannan fuska Najeriya ta daɗe a cikin harkar, tun daga madatsar Kainji da aka kammala a 1968, sai Jebba da Shiroro, sannan Zungeru mai megawat 700 a baya-bayan nan.

Gas kuwa batu ne na taƙaddama. Yana fitar da hayaƙi, amma bai kai na kwal ko na dizal ba, kuma matar da ta bar itace ko gawayi ta koma tukunyar gas ta tsira daga hayaƙin da ke cin huhunta da na 'ya'yanta. Gwamnatin Najeriya ta ɗauke shi a matsayin gadar da za a bi a ƙetare, shi ya sa ta ayyana shekaru goma na gas a 2021, ta kuma tsunduma cikin shimfiɗa bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Wasu masu ba da rance a Turai suna ɗari-ɗari da wannan ra'ayi. Duk mai shiga fannin sai ya iya kare matsayinsa a wannan muhawara da alƙaluma, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 11.

3. Wane karatu ake buƙata?

Hanyar da aka fi bi ita ce digiri na farko a tattalin arziki, sannan digiri na biyu da ya keɓanta ga makamashi. A Najeriya, cibiyar CPEEL ta Jami'ar Ibadan tana koyar da tattalin arzikin man fetur da makamashi tare da shari'arsu, haka ma cibiyar Emerald ta Jami'ar Fatakwal. A waje, cibiyar da ke Jami'ar Dundee ta Birtaniya ta yaye 'yan Najeriya da dama, kuma asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, wato PTDF, ya daɗe yana ɗaukar nauyin karatun da ya shafi makamashi. A arewa akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ƙarfinta ya fi karkata ga kimiyyar hasken rana, amma ɗalibin tattalin arzikin da ya san abin da yake nema zai ƙaru da kusantarta.

Digiri na uku ba dole ba ne sai ga mai son koyarwa a jami'a ko jagorantar sashen bincike a manyan hukumomin duniya. Abin da ya zama dole shi ne darussa uku: nazarin yadda farashi ke aiki a kasuwar da kamfani ɗaya ya mamaye, ƙididdigar tattalin arziki, da lissafin kuɗin manyan ayyuka masu dogon zango.

4. Wanda ya karanta injiniyanci ko lissafi zai iya shiga?

Ƙwarai kuwa, sau da yawa ma ya fi saurin kama zaren. Fatih Birol, ɗan ƙasar Turkiyya da ke shugabantar Hukumar Makamashi ta Duniya tun 2015, da injiniyancin lantarki ya fara a Istanbul, sannan ya yi digirinsa na biyu da na uku a tattalin arzikin makamashi a birnin Biyana. Ya yi aiki a sakatariyar OPEC kafin ya koma hukumar da ke Faris a 1995, inda ya zama babban masanin tattalin arzikinta. Wanda zai sha wahala shi ne mai gudun lissafi, domin babu wata ƙofar baya da za ta kai shi ga aikin ba tare da alƙaluma ba.

5. Mene ne ainihin aikin da ake yi daga safe zuwa yamma?

Mafi yawan lokacin yana tafiya ne gaban kwamfuta, ana tattara bayanai ana tace su, ana gina jadawalin lissafi, sannan a matse sakamakon ya koma takarda mai shafi biyu ko uku wadda kwamishina ko minista zai iya karantawa a mota kafin ya isa wurin taro. Akwai kuma zaman jin ra'ayin jama'a, da ganawa da masu zuba jari, da fita ƙauyuka don tambayar mutane nawa suke kashewa a kan man janareto da cajin waya da batir ɗin tocila, saboda daga wannan ne ake gane abin da za su iya biya idan an kawo musu wuta.

Sabon shiga yakan yi mamakin yadda rubutu ya mamaye aikin. Lissafin da ya ci wata uku ba shi da amfani idan mai yanke hukunci bai fahimce shi cikin minti biyar ba.

6. Tunda rana kyauta ce, me ya sa wutar sola ba ta da arha a ƙasashenmu?

Wannan ita ce tambayar da duk aikin ya rataya a kanta. Gaskiya ne farashin samar da wuta daga manyan tashoshin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2023, kuma gaskiya ne arewacin Najeriya da Nijar suna da ranar da Jamus ba ta taɓa mafarkin samu ba. Sai dai tashar sola ta bambanta da janareto ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Janareto yana da sauƙin saye amma kullum sai an ciyar da shi mai, ita kuwa tashar sola kusan dukan kuɗinta ana biyan sa ne tun ranar farko, sannan a shafe shekaru ashirin ko fiye ana mayar da shi kaɗan-kaɗan daga abin da masu amfani da wutar ke biya. Don haka farashin wutarta ya dogara ne kan tsadar kuɗin da aka gina ta da shi.

Ga misali na lissafi kawai. A ce an gina tasha a kan naira miliyan 100 da za a biya cikin shekaru 20. Idan ribar da masu kuɗin ke nema kashi 5 ce cikin 100 a shekara, abin da za a riƙa mayar musu duk shekara kusan miliyan 8 ne. Idan kuwa kashi 15 suke nema, zai kai kusan miliyan 16. Farantan iri ɗaya ne, ranar ma ɗaya ce, amma kuɗin wutar ya ninka. Masu zuba jari suna neman riba mai yawa ne inda suke tsoron ba za a biya su a kan lokaci ba, ko kuma darajar kuɗin ƙasar za ta zube. Wanda ya ranto dala ya sayo kaya kafin a sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yunin 2023, alhali da naira yake karɓar kuɗin wuta, ya ga yadda bashinsa ya kumbura ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba.

Saboda haka babban kaso na aikin masanin shi ne neman hanyar rage wannan tsoro: lamunin gwamnati, rance da kuɗin gida maimakon dala, tallafin da ake biya bayan an tabbatar da an haɗa wa gidaje wuta, ko gwanjon da kamfanoni ke gasar rage farashi a cikinsa, irin wanda Afirka ta Kudu ta fara a 2011. Ga wanda ke guje wa kuɗin ruwa, lissafin bai canza ba, domin sukuk da sauran hanyoyin kuɗi na Musulunci su ma suna da ribar da mai jari ke tsammani, kuma ita ce ake sakawa a jadawalin.

7. A ina ake samun aiki?

A ɓangaren gwamnatin tarayya akwai hukumar NERC mai tsara harkar wuta, da hukumar samar da wuta a karkara wato REA, da Hukumar Makamashi ta Ƙasa, da ma'aikatun wuta da kuɗi da muhalli, da majalisar sauyin yanayi da dokar 2021 ta kafa. Kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya da aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013 su ma suna da sassan farashi da hulɗa da hukuma, ciki har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Sai bankuna, da kamfanonin ba da shawara, da kamfanonin ƙananan tashoshin sola, da jami'o'i. A waje akwai Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka da ke Abijan, da hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, wato IRENA, da ke Abu Dabi.

Ƙofar da ta fi sabunta ita ce ta jihohi. Gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023 sun bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wuta da hukumar da za ta tsara ta. Inugu da Ondo da Ekiti suna cikin waɗanda suka fara karɓar wannan iko. Jihar da ta kafa hukuma ba tare da mutanen da suka iya lissafin farashi ba ta ɗauko wa kanta kaya ne babu gammo, kuma a nan ne matashin da ya shirya zai iya samun gurbi kusa da gida.

8. Masanan nan ne ke ƙara mana kuɗin wuta?

Su ne ke yin lissafin, amma ba su ke sa hannu ba. Tun 2008 Najeriya take amfani da tsarin farashi na shekaru da yawa da ake kira MYTO, wanda ke haɗa kuɗin gas, da canjin dala, da hauhawar farashi, da wutar da ke zurarewa a hanya ko ba a karɓi kuɗinta ba, ya fitar da abin da ya kamata kowane kilowat na awa ɗaya ya ci. Idan gwamnati ta ce jama'a su biya ƙasa da haka, giɓin ya zama bashi a kanta, kuma idan ba ta biya ba kamfanonin samar da wuta ba za su biya masu gas ba, daga nan wutar ta ragu.

A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta ga masu amfani da ita na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225, bisa alƙawarin wuta ta awa 20 a rana. Hujjar ita ce tallafin yana tafiya ne ga unguwannin da suka fi samun wuta, ba ga talakan da ko turke bai kai ƙauyensa ba. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana tsayuwa ne kawai idan an cika alƙawarin awa 20 kuma mutum yana da mita. Masanin da ya lissafa ƙarin bai koma ya duba waɗannan biyun ba, rabin aiki ya yi.

9. Mece ce alaƙar cire tallafin mai da makamashi mai tsafta?

Lokacin da aka sanar da ƙarshen tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 500 ko fiye a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki. Kafin nan, man fetur mai arha yana sa ƙaramin janareto ya fi sola sauƙi a idon mai shago ko mai noman rani. Bayan nan lissafin ya juye, kuma ko'ina aka soma ganin faranti a kan rufin shaguna da famfon ban-ruwa mai aiki da rana a fadamu. Masanin tattalin arziki yana ganin wannan a matsayin farashi da ya faɗi gaskiya, amma wajibi ne ya ƙara da tambayar wa ya ɗauki zafin, tunda wanda ke da kuɗin sayen faranti ba shi ne ya fi jigata da tsadar mota da abinci ba. Dubi tambaya ta 6 don ganin dalilin da ya sa rashin jarin farko ke tsare talaka a kan zaɓi mafi tsada.

10. Waɗanne manhajoji ya kamata a koya, kuma daga ina bayanai ke zuwa?

Excel ne tushe, kuma ƙwarewa a cikinsa ta wuce abin da yawancin ɗalibai suke zato. Bayansa sai ɗaya daga cikin Stata ko R ko Python don ƙididdiga. Don hasashen makomar makamashin ƙasa baki ɗaya ana amfani da LEAP ko OSeMOSYS ko TIMES, don tsara ƙaramar tashar ƙauye kuma HOMER ya yi suna.

Bayanai ne ciwon kan. NERC tana fitar da rahoto duk wata uku, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma tana fitar da farashin mai da gas, amma babban ɓangare na wutar da 'yan Najeriya ke amfani da ita yana fitowa ne daga janaretocin da babu wanda ya yi musu rajista. Ƙasar da tashoshinta za su iya samar da kusan megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isa babban layin wuta na ƙasa yake yawo tsakanin 4,000 da 5,000, ba za a auna buƙatarta daga abin da layin ya bayar ba. Shi ya sa wanda ya iya shiga kasuwa ko ƙauye ya yi tambaya da harshen mutanen wurin yake da fifikon da ƙwararren da aka ɗauko daga waje na mako biyu ba shi da shi.

11. Najeriya da mai take ci. Yin aiki don makamashi mai tsafta ba sare reshen da ake zaune a kai ba ne?

A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa nan da 2060, kuma a watan Agustan 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi da ya ƙiyasta buƙatar ƙarin dala biliyan 410, kusan biliyan 10 ke nan a shekara. Ko an yarda da shirin ko ba a yarda ba, masu sayen man ne ke sauya hali, kuma ƙasar da kasafinta ya jingina da mai tana buƙatar mutanen da za su lissafa mata abin da zai faru idan cinikin ya ja baya.

A ɗaya ɓangaren, fiye da mutum miliyan 80 a ƙasar ba su da wuta kwata-kwata, kuma hayaƙin da ɗan Najeriya ke fitarwa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na Ba'amurke. Masanin da ya kwaso manufar da aka tsara wa Jamus ya ɗora wa Zamfara bai yi wa kowa adalci ba. A nan maganar farko ita ce a samu wutar, kuma sola tana cin gasar ne a wurare da yawa saboda ta fi dizal sauƙi, ba don an yi wa'azin muhalli ba. A kan wannan aka gina shirin DARES na kai wa jama'a wuta ta makamashi mai sabuntuwa, na dala miliyan 750, da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2023.

12. Akwai misalin manufar da ta yi kyau a takarda amma ta gaza?

A 2016 kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnati ya rattaba hannu da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola na fiye da megawat 1,000, yawancinsu a jihohin arewa, a kan santi 11.5 na dala kowane kilowat na awa ɗaya. Kafin a kammala maganar lamunin da masu jari suka nema, farashin sola ya ci gaba da faɗuwa a duniya, gwamnati ta ga kuɗin ya yi yawa ta nemi ragi, kamfanonin suka ce haɗarin biyan kuɗi a Najeriya ne ya sa farashin ya kai haka, aka yi ta ja-in-ja shekaru suna wucewa ba tare da an gina su ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, wanda shi ne abin da ya sa ake koyar da labarin. A daidai wannan tsakanin, ayyuka ƙanana da ba su jira babban layi ba sun tashi, kamar tashar megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019.

13. Ilimin yana amfani a Nijar da sauran maƙwabta?

Yana amfani, sai dai ana buƙatar Faransanci. Nijar ta daɗe tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, kuma da aka katse layin a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai ta rage wa babban birnin raɗaɗi. Tambayar nawa ƙasa za ta yarda ta biya don kada ta dogara da maƙwabciya ɗaya tambaya ce ta tattalin arziki, kuma irinta ce ake tattaunawa a tsarin kasuwar wuta ta Afirka ta Yamma.

14. Albashin fa?

Ya danganta da mai ɗaukar aikin. Ma'aikatu suna biya bisa tsarin albashin gwamnati, hukumomin tsara kasuwa da bankuna sun fi su, ƙungiyoyin duniya kuma sun fi kowa amma yawancin gurabensu kwantiragi ne mai wa'adi. Da yawa suna farawa a inda albashi ke da ƙaranci saboda a can ake ganin yadda ake yanke hukunci.

15. Me ake yi idan mai biyan kuɗin binciken yana son a fitar da wata amsa ta musamman?

Wannan yana faruwa, kuma ba kasafai ake neman ƙarya ƙarara ba. Abin da ake nema shi ne a ɗan sassauta zato: a ɗauka dala ba za ta tashi ba, ko kowa zai biya kuɗin wuta a kan lokaci, ko mutanen ƙauye za su sayi injin niƙa da firji cikin shekara ɗaya. Kowane zato shi kaɗai yana da kamar ma'ana, amma idan aka jera su duka a gefe ɗaya sai aikin da ba zai tsaya da ƙafarsa ba ya fito kamar mai riba. Kariyar da aka sani ita ce a rubuta kowane zato a fili, a kuma nuna yadda sakamakon zai kasance idan ya saɓa, kamar yadda misalin tambaya ta 6 ya nuna tasirin sauya lamba ɗaya tak. Fannin ƙarami ne, mutanensa sun san juna ta tarukan Ƙungiyar Masana Tattalin Arzikin Makamashi ta Najeriya, kuma rahoton da aka murɗe yakan bi mai shi har wurin neman aiki na gaba.

16. Ɗalibin da ke aji uku ko huɗu, da me zai fara?

Ya zaɓi batun kundin kammala karatunsa daga abin da zai iya aunawa da ƙafarsa, misali nawa masu walda ko teloli na wata unguwa suke kashewa a kan janareto a wata, kuma cikin wata nawa kuɗin sola zai dawo musu. Ya sauke rahoton NERC na wata uku ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, ko da rabinsa bai shige shi ba a karon farko, sannan ya gwada sake gina jadawali ɗaya daga ciki da hannunsa a Excel. Idan lokacin hidimar ƙasa ya zo, ya nemi a tura shi kamfanin rarraba wuta, ko ma'aikatar makamashi ta jiha, ko kamfanin ƙananan tashoshin sola, daga cikin wuraren da aka lissafa a tambaya ta 7.